Kaset ɗin da Mama Ta Gyara

Wata Asabar a damunar da na shiga aji huɗu, ina tsakar gidanmu a Federal Low-Cost ina ɓarar gyaɗar da Baba ya kawo daga gonarsa ta Kwadon, sai Mama ta fito da rediyo da kaset ɗin yayana Bulus. Kaset ɗin baƙi ne, a bangonsa wasu Turawa huɗu masu gashi har kafaɗa, sun haɗe rai kamar an yi musu sata. Ranar da Yaya zai koma jami'a ya ce, "Ku kula mini da shi, duk Gombe babu irinsa." Kewar ɗanta ce ta sa Mama son jin abin da yake ƙauna haka.

Tana dannawa, wayyo Allah! Ƙara ta tashi kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali, wani ƙato yana ihu a ciki. Kaji suka watse, ni ma na kifar da tiren gyaɗa. Mama ta dafe ƙirji ta ce rediyon Baba ya mutu.

Muka kwasa sai Arawa, shagon Oga Emeka mai gyara. Ya kwance rediyon, ya hure, ya goge, ya sa wani kaset, ga sauti tangaram. Ya mayar da na Yaya, ihu ya dawo. Ya daɗe yana sosa kai, sannan ya yanke hukunci cewa zafi ne ya dafa kaset ɗin. Hankalin Mama ya tashi, wai yaro ya bar amana ta lalace a hannunta. Nan take ta sa aka ɗora waƙoƙin zumuntar matan cocinmu a kai, don kada ya tarar da kayansa ba amfani.

Da Kirsimeti Yaya ya dawo, ko jaka bai ajiye ba ya sa kaset. Sai ga kiɗan tulu da kacau-kacau, ga muryar Mama a gaba. "Mun gyara maka," in ji ta, tana murmushi. Ya zauna yana saurare har waƙoƙin suka ƙare, sai guntun kiɗan jitar Turawan da ya tsira a ƙarshe ya fashe da kururuwa. Mama ta ce, "Ka ji yadda yake a da." Ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Dariya ce ko kuka, wallahi har yau ban sani ba.

Yanzu kowace waƙa tana cikin waya, ta Turawan nan ma Yaya ya same ta tuntuni. Amma tun da Mama ta rasu, tsohon kaset ɗin yake kunnawa, kuma da ya zo wurin jitar sai ya mayar da shi farko.