Malam Ashafa, Mai Duba Jini a Makarfi

Tun kafin masu rake su fito kasuwa, Malam Ashafa ya dafa allurarsa, ya goge madubinsa na duba jini a ɗakin shan magani na Makarfi. Aikinsa ke nan tun kafin a sauke tutar Bature: ya soki ɗan yatsa, ya ɗiga jini a takarda, ya duba launinsa, ya faɗi wanda zai iya jira da wanda dole a kai Zariya yau. Sakayyar da muka yi masa kuwa, abin kunya ce.

Bara aka kawo Gambo daga Dandamisa a kan jaki, yana haki. Malam ya duba, ya ce wa Ja'afaru, yayan Gambo, "Jininsa ya zama ruwa. Don Allah kada a yi masa ƙaho. Ga motar auduga nan, ku bi ta zuwa asibitin Zariya."

"Malam, mataccen jini ne ke damunsa," in ji Ja'afaru. "Wanzami zai zuƙe shi."

Wanzami ya zuƙe ɗan abin da ya rage, Gambo bai kai Juma'a ba. To, ka ji rashin ta-ido. Maimakon a ce an ƙi jin magana, sai gari ya ɗauka wai Malam maye ne, wanda duk ya ambata ya tafi. Aka daina ba shi hannu a masallaci. Waɗanda ya ceci 'ya'yansu su ne kan gaba wajen sauya hanya. Wallahi abin da ƙona rai yake.

Ana cikin haka Lantana, matar marigayin, ta fito cikin takaba ba ta nemi izinin kowa ba, goye da 'yarta Mairo, tafin hannun yarinyar fari fat.

"Malam, duba mini ita. Abin da ka gani, faɗa mini."

"Irin na ubanta ne, amma ba mu makara ba. Tashi mu tafi."

A Zariya aka nemi mai ba da jini, ko ɗaya cikin dangi bai biyo su ba. Malam ya naɗe hannun riga ya kwanta.

Malam Ashafa, kai ne ka faɗi gaskiya aka tsane ka, washegari kuma ka sake faɗa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Samarin da ke shigowa aikin asibiti, ga wanda za ku bi.

Ku kuwa masu yaɗa magana, ku je Dandamisa ku ga Mairo tana tsalle a ƙofar gida. Jinin mayen naku ne a jikinta.