Lafarin Kubrus da Ƙungiyoyinmu Biyu

Shekara bakwai muna buga ƙwallo tare kafin mu rabu. Kowace Lahadi bayan La'asar muke haɗuwa a filin wata makaranta a garin Springfield, a ƙasar Turawa inda muke zaune, lokacin masu zuwa coci sun taso, mu kuma mun yi salla. Akwai likitoci a cikinmu, da injiniyoyi, da nas-nas, da ɗalibai biyu ko uku. Wasu Kanawa ne, wasu daga Kudancin Kaduna, mu kuma 'yan Jos. Muna cikin wata ƙaramar gasa ta baƙi mazauna yankin, muna karawa da Habashawa da 'yan Ghana da mutanen Salvador. Ba mu fi su iya wasa ba. Abin da muka fi su shi ne Hausa, don a gabansu muke kitsa yadda za mu ci su, ba su san me muke cewa ba.

Mai tsaron ragarmu abokina ne. Kowa Gola yake kiransa, har matarsa wani lokacin. Kirista ne daga wani ƙauye a kan tsaunin Filato, amma a Jos ya tashi kamar ni. Asibiti ɗaya muke aiki a Largo, shi nas, ni a sashen ɗaukar hoto. Da Babbar Salla nakan kai masa cinyar rago daga gidana a Woodbridge, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da gwaten acca a kula.

Wata safiya labari ya zo daga gida cewa an kai hari ƙauyensu, ƙaninsa yana cikin waɗanda aka kashe. Na kira shi bai ɗauka ba. Na ce a raina ranar Asabar zan je har gidansa in yi masa gaisuwa. Kafin Asabar ɗin, matasan yankinsu suka tare hanya a kusa da ƙauyen don ramuwa, suka fito da matafiya daga motoci. Ɗan ƙanin mahaifina direba ne, yana dawowa da lodin dankali. A gefen titi aka tsinci gawarsa.

Muna da zauren hira a waya inda muke sanar da lokacin atisaye. A cikin kwana biyu ya cika da hotunan gawarwaki. Wannan ya turo nasa, wancan ya mayar da nasa. Wani ya rubuta “mutanenku”, wani ya amsa da “ku ne kuka fara”. Gola kuwa fita kawai ya yi daga zauren. Mutum tara suka bi shi.

Ban je gaisuwar ba. Na zauna ina jiran ya fara zuwa, tunda ni ma an yi mini mutuwa. Daga baya na ji shi ma abin da yake jira ke nan. Da muka koma aiki muka haɗu a lifta, sai na ji ya gaishe ni da Turanci. Ni ma na amsa masa da Turanci. Haka muka ci gaba.

Da kakar wasa ta zagayo, ƙungiya biyu aka rubuta a gasar. Mu muka riƙe filin Springfield da koriyar riga. Su suka samu fili a Largo suka ɗinka fara. Kogin Potomac ya shiga tsakaninmu, muka riƙa gaya wa masu tambaya cewa nisa ne ya raba mu.

Ranar da jadawali ya haɗa mu da su, wani dattijo ne ya yi alƙalanci. Bature ne mai farin gashi, injiniya da ya yi ritaya, yana busa wasanninmu don sha'awa kawai. Wasan bai yi kyau ba. An ba mutum uku jan kati. Kyaftin ɗinmu, wani likitan yara mai sanyin hali da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya taka ƙafar wani ɗalibi har aka fitar da shi a kafaɗa. Matanmu da 'ya'yanmu suna bakin fili suna kallo. Babu wanda ya ci.

Ina cire takalmi a kan benci dattijon ya zo ya zauna kusa da ni.

“Yare ɗaya na ji kuna zagin juna da shi,” in ji shi. “Ko kunnena ne?”

Na ce ba kunnensa ba ne.

“Ƙasa ɗaya?”

“Wasunmu ma unguwa ɗaya.”

Ya jinjina kai. Ya ce shi mutumin Kubrus ne, wani tsibiri a tekun Bahar Rum da yaƙi ya raba biyu, Girkawa a kudu, Turkawa a arewa. Shi Bagirke ne, amma gidan mahaifinsa a arewa yake. Yana saurayi suka gudo suka bar shi da komai a ciki. Ya ce har ƙwallo ma rabuwa ta yi, kowane ɓangare da hukumarsa da gasarsa. Hukumar kudu kaɗai duniya ta sani. Samarin arewa kuwa a tsakaninsu kawai suke bugawa, ba su da damar karawa da kowa a waje.

Na tambaye shi ko ba a taɓa neman haɗe hukumomin ba.

“An nema. Ni ina cikin waɗanda suka ce a'a.”

Daga ranar muka saba. Duk wasan da ya busa mana sai mun ɗan zauna. A wani zaman ya ba ni labarin komawarsa ƙauyen bayan an buɗe iyaka. Ya tarar da wani Baturke a gidan mahaifinsa, wanda shi ma daga kudu aka koro shi. Mutumin ya shigar da shi, ya dafa masa gahawa, ya nuna masa hotunan ɗansa da kofuna. Ya ce yaron babu kamarsa a gasar arewa, amma ba wanda ya taɓa zuwa daga waje ya gan shi, yanzu a otal yake aiki yana ɗaukar jakunkunan baƙi.

“Na tausaya wa yaron,” in ji dattijon. “Na fito daga gidan ina kuka. Amma da aka sake tambayata, a'a na sake cewa. Gani nake idan muka sa riga ɗaya, kamar mun ce abin da aka yi mana ya wuce ke nan. Mahaifina ya mutu bai sake ganin gonarsa ba. Wane ne ni da zan yafe a madadinsa?”

“To yanzu fa, Baba?”

“Yanzu na tsufa. Waɗanda suka taɓa buga wasa da Turkawa duk sun mutu. Jikokina ba su ma san an taɓa yi ba. Ban sani ba ko daidai na yi.”

Shekara uku muka yi a rabe. Ƙungiyoyin biyu suka yi ta raguwa. Gwiwoyi sun fara ciwo, wasu aiki ya kai su wasu jihohi. 'Ya'yanmu da muka zata za su maye gurbinmu suna da nasu kulob na makaranta, kuma da muka yi wa ɗana bayanin dalilin da ya sa ake da koriya da fara, kallona ya yi kamar na yi masa wani yare. Sau biyu muka fita fili da mutum tara. Su ma haka. Masu shirya gasar suka aiko mana da saƙo iri ɗaya: duk ƙungiyar da ba ta cika mutane ba, ba za a rubuta ta a kaka mai zuwa ba. Dattijon ne ya ba su shawarar su ce mana mu haɗe.

Muka haɗu wata Asabar da hantsi a wata rumfa a wurin shaƙatawa, a bakin kogi, don kada wani ya ce shi ne ya je wajen wani. Mu goma sha ɗaya, su takwas. Kowane ɓangare ya zauna a teburinsa. Aka fara da Turanci, sai da gardama ta yi zafi aka koma Hausa.

An yi awa guda a kan suna. An yi wata a kan launin riga, da filin da za a riƙa amfani da shi, da wanda zai yi addu'a kafin wasa. Wani ya ce a yi kyaftin biyu. Wani ya ce idan aka haɗe, masu yawa za su danne marasa yawa a kowace ƙuri'a. Gola yana zaune a ƙarshen teburinsu. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Can ya ɗaga hannu.

“Ni ban damu da riga ba,” ya ce. “Zan tsare raga ko da wace iri ce. Abu ɗaya nake so. Mutum ɗaya daga teburin can ya tashi ya faɗa da bakinsa cewa abin da aka yi wa ƙanena kisan zalunci ne. Kada ya ƙara da amma.”

Bai ambaci sunana ba, amma ni yake kallo. Na san maganar gaskiya ce, na kuma san ƙanin nasa, don ya taɓa kai wa mahaifiyata saƙo har gida. Na dafa tebur zan miƙe. Sai wani Alhaji daga cikinmu, babbanmu a shekaru, ya riga ni.

“To ku ma ku tashi ku faɗa a kan matafiyan da aka yanka a hanya. Ga ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu nan zaune.” Ya nuna ni.

Ido ya dawo kaina daga tebura biyun. Idan na tashi yanzu, mutanena za su ce na sayar da jinin ɗan'uwana a gaban jama'a. Na tuna matar marigayin da 'ya'yansa huɗu. Na janye hannuna daga tebur. Sai wani ya ce a kaɗa ƙuri'a. Mutum shida ne suka yarda a haɗe. Na ɗaga hannu tare da su, amma a lokacin ba shi da wani amfani.

A kakar da ta biyo ba koriya ba fara. Aka ba wasu 'yan Kamaru gurbinmu. Da na kira dattijon na gaya masa, sai ya ce shi ma ya ajiye usur, likita ya hana shi gudu saboda zuciya.

Bayan wata biyar wata nas a sashenmu ta gaya mini Gola ya ajiye aiki, zai koma Texas da iyalinsa. Ranar Juma'a bayan masallaci na kama hanya zuwa gidansa. Na tarar da babbar mota a ƙofa, kwalaye a jibge a falo. Matarsa ce ta buɗe. Ta dube ni, ta ce, “Baban yara, sai yau?” Ta matsa na shiga.

Yana durƙushe yana ɗaure wani kwali. Na tsuguna a gabansa, na yi masa gaisuwar ƙaninsa da Hausa, kamar jiya aka yi rasuwar. Na ce zalunci aka yi masa. Ya ajiye igiyar, ya ce ya gode. Ya yi mini tawa gaisuwar, ya tambayi yaran da marigayin ya bari, na ce suna wajen kakarsu.

Na ce, “Da a rumfar nan na faɗa fa?”

“Da na dawo na tsare muku raga,” ya ce. “Ni kaɗai. Sauran ba za su biyo ni ba. Kai ma naka ba za su bar ka ba.”

Ban musa ba. Na cire babbar rigata na taya shi ɗaukar kaya. Muka fitar da kujeru da firiji da gadon yara, muna magana a kan abin da zai shiga ta ƙofa da wanda sai an kwance. Matarsa ta ba ni ruwa a kofin roba don an riga an naɗe sauran. Wajen ƙarfe biyar na yi musu sallama, na shiga cunkoson babbar hanya mai lamba 95, na yi kusan awa biyu kafin in isa gida.

Washegari suka tafi. Tun daga lokacin sau biyu muka yi waya, kuma duka biyun ni na kira.