Furar Malama Lantana

Ban taɓa mantawa da ranar da na shanye furar da ba tawa ba, a bakin aiki, a gaban shaidu.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, aka hana ɗan kabu-kabu ɗaukar mace, aka ware motoci na mata zalla. Ba kowa ake ba tuƙinsu ba, sai dattijo mai iyali wanda aka yarda da shi. Ni da na gudu daga aji uku, furfura ce ta ci mini jarrabawar. Layina Shinkafi zuwa Kaura.

Cikin fasinjojina akwai malaman firamare biyu, Malama Hajara da Malama Lantana, aminan juna tun suna 'yan mata, har ankon atamfa suke yi. Kullum suka shigo Kaura sai sun sayi littattafan hikaya a bakin tasha, ɗaya na karantawa, mota duka na saurare. A lokacin suna kan wani mai tayar da gashin jiki: wata ta zuba wa aminiyarta magani a abinci don ta gaje kujerarta a ofis.

Sai ga shi an buɗe makarantar 'yan mata a Zurmi, ana neman shugaba. Kujera ɗaya, su biyu aka kira ganawa a Kaura.

Da safen ranar ganawar ba wadda ta buɗe littafi. Mun yi nisa, Lantana ta miƙa ƙwarya.

"Ƙawata, ga fura na dama maki, na san ba ki karya ba."

Hajara ta dubi furar, ta dubi Lantana. "Ke mi ya hana ki sha?"

"Azumi nike."

"Yau Laraba? Tun yaushe?"

Matan motar suka zuba musu ido. A wajenmu, ƙin karɓar abincin aminiya a gaban mutane ya fi mari zafi. Ta madubi na ga idon Lantana ya kawo ruwa. Na san idan ƙwaryar nan ta koma a cike, amincin ya mutu ke nan.

Na gangara gefen hanya na tsaya. "Ɗiyata, miƙo nan. Tsoho bai ƙin sadaka."

Na kafa kai, sai da na ga gindin ƙwarya. Daga nan na dafe ciki, na kife kan sitiyari ina salati. Wata tsohuwa ta ƙwalla ihu. Hajara kuwa, maimakon murna ta kama mai laifi, sai ta cafke Lantana tana kuka: "Wallahi ba ta iyawa! Ni na san ta! Baba, tashi, kada su ce ita ce!"

Na ɗago ina lasar gashin baki. "Sukari ne bai ji ba."

Na sha zagi har Kaura, Lantana na dariya tana share hawaye. Ramuwar azumi ce ashe take yi.

Lantana aka ba kujerar. A hanyar komawa Hajara ta kau da kai tana kallon taga, sai dab da Shinkafi ta ɗauki jakar Lantana ta riƙe mata, tana harara: "Shugaba ba ta ɗaukar kaya."

Yaran direbobi, ku ji: ba titi kaɗai ake tuƙawa ba. Mutanen da ke bayanka sun shigo da rigimarsu, kuma aikinka ka sauke su lafiya, su da abin da ke tsakaninsu. Ni dai ranar nan na sauke, ga kuma cikina a ƙoshe.