Tayoyin da Na Ba Aminina Gudunmawar Aure

A shekarar da sojoji suka yarda za su koma bariki, ni matashi ne mai rumfar tayoyin gwanjo a Gyaɗi-Gyaɗi, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro sana'ar. Lokacin motocin Kwatano sun fara cika gari, kowa na rawar ƙafa zai shiga siyasa, mai mota kuwa dole ya zo wajenmu. Idan aka sauke kaya, kallo ɗaya nake yi wa taya, in danna ta da babban yatsa, in faɗi ranar da za ta suɗe. Karatuna bai yi nisa ba, rubutun da ke jikin taya kuwa lambar girma kawai nake dubawa. Nakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na rubuto muku ne domin wannan idon nawa shi ya jawo aminina ya rasa ƙafarsa, kuma sai bayan shekaru na san sauran labarin.

Aminin nawa Kirista ne, iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, amma a layinmu aka haife shi, tare muka yi wasan ƙasa. Yana da kemis a Tarauni. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya shan komai, ba ya hayaniya, abu ɗaya ne ya yi masa katutu a rai, wato mota mai gudu. Ya daɗe yana tari har ya sayi wata 'yar Jamus mai ƙofa biyu, ja, mai ƙugi, wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Ina tsokanarsa cewa wannan ba mota ba ce, kwaɗo ne aka sa wa inji, shi kuma ya ce mai keke ba ya shiga maganar manya. Tayoyin da ta zo da su faffaɗa ne, gajeru, kuma sun suɗe har ana ganin waya. Ana cikin haka aka sa ranar aurensa a garinsu amarya, bayan Ista, a tsakiyar zafin bazara.

Na rasa abin da zan ba shi gudunmawa wanda zai kai matsayinsa a wajena. Sai kaya suka iso, na tarar da wasu tayoyi huɗu iri ɗaya, zanensu zurfi har yatsa na nutsewa, robarsu laushi, kamar ba a taɓa hawansu ba. A jikinsu akwai ɗan hoton dutse mai tsini uku da wata fulawa a ciki, na ɗauka tambarin kamfani ne. Sun ɗan fi nasa tsayi, kuma ba su kai su faɗi ba, amma sun hau wilinsa, ni kuwa a ganina tsayin ma riba ne, zai ɗaga masa motar daga ramuka. Wani ɗan takarar kansila ya taya su, na ce ba na sayarwa ba ne. Na sa aka karɓo motar da sunan za a ƙara iska, na ɗaura su da hannuna. Da ya zo ya gani sai ya rungume ni, ya ce ko ɗan'uwansa na jini bai yi masa haka ba. Wallahi ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma kullum ya wuce ta gaban rumfata sai na nuna wa maƙwabta ina cewa ga aikina.

Shirin da aka yi shi ne dangi su tafi a bas, ango ya biyo su shi kaɗai da motarsa, domin ya ce yana da ɗan uzuri a hanya. Ni ma sunana na cikin 'yan bas. Amma da safiyar tafiyar sai na ga bai dace babban aboki ya bar ango shi kaɗai ba. Na je gidansa da bokiti da sabulu, na wanke tayoyin nan tas har suna ƙyalli, sannan na jefa jakata a baya na ce ƙafata ƙafarsa. Ya yi ta kawo dalili, wai motar ta matse, wai mahaifiyarsa za ta so in kula mata da mutane a bas. Na ce ko a kan rufi ne zan zauna. Ya yi dariya ya buɗe mini ƙofa. Da muka kai Na'ibawa, bakin hanyar Zariya, sai na ga ya rage gudu daidai rumfar wani mai faci, har mutumin ya miƙe yana ɗaga masa hannu. Na tambaye shi ko iska za mu sha, in haka ne ni na auna ta da safe, babu abin da ya rage. Ya dube ni, ya dubi rumfar, ya ce ba komai, gaisawa kawai suke yi. Ya taka mota muka wuce.

Rana ta take, kwalta kamar za ta narke. Na lura ba ya gudun da ya saba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ni kuma na dame shi da tsiya, ina cewa ango mai tsoro amarya za ta raina shi, ga taya sabuwa ga hanya fetal, me yake jira. Ya ƙara wuta. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan tayar gaba ta yi bindiga, motar ta ƙwace, muka wuntsila cikin gona. Ni ƙujewa kawai na yi a goshi da kafaɗa. Shi ƙarfe ya danne masa ƙafar dama, kuma a asibiti a Zariya aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. A barandar asibitin ne wani dattijo daga cocinsu, wanda ya yi karatu a Turai, ya ja ni gefe ya gaya mini a hankali cewa tayoyin ƙasar sanyi ne, an yi su domin dusar ƙanƙara, hoton nan alamarsu ce. Ya ce laushin da na yaba shi ne illarsu, ga tsufa ga zafinmu ga gudu, ba za su jure ba, kuma girmansu ba na motar ba ne. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar mahaifina.

Da ya samu sauƙi na gaya masa komai, na roƙe shi gafara. Ya ce ƙaddara ce, rashin sani ya fi dare duhu, in bar maganar. Amaryar ba ta janye ba, an ɗaura auren a Kano bayan damina, yana dogara sanda. Bai ƙara tuƙi ba. Ni nake kai shi kemis, 'ya'yansa suka taso suna ce mini Baffa, na kuma riƙa lallashin kaina da cewa dukkanmu biyu ba mu sani ba.

Shekaru suka ja, ya gina gida a Darmanawa, na je taya su kwashe kaya. A can ƙuryar sito, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi, na ci karo da tayoyi huɗu sababbi, faffaɗa, gajeru, da ledarsu, robar duk ta tsattsage don daɗewa. Na san girman nan ko a mafarki. Na tambayi matarsa, sai ta ce tunda Baffa ya gani ba za ta yi masa ƙarya ba. Ashe tun kafin tafiyar dattijon nan ya ga motar a harabar coci ya gargaɗe shi. Ya sayi waɗanda suka dace a ɓoye, ya ajiye wajen mai facin Na'ibawa, da niyyar ya canza in ya fita gari, in ya dawo kuma ya mayar da nawa kafin ya biyo ta gaban rumfata. Uzurin da ya ce yana da shi a hanya ke nan.

Na same shi zaune a kan buhun masara yana nuna wa yara inda za su ajiye kaya. Ban taɓa yi masa faɗa irin na ranar ba, ina yi hawaye na zuba. Ya bari na gama, sannan ya ce da safiyar nan ya leƙo ta taga ya gan ni durƙushe da bokiti ina wanke tayoyin ina waƙa, in gaya masa da wane baki zai ce a cire su a gabana. Ya ce ya yi zaton in ya bi a hankali za su kai mu. Bai ambaci tsiyar da na yi masa a hanya ba, har yau bai taɓa ambatarta ba, ni kuwa ban manta ba.

Masu mota, musamman mai gudu, ku duba girman tayar da aka rubuta a jikin ƙofarta ku tsaya a kansa, kada zurfin zane ya ruɗe ku, kuma in kun ga alamar dutse da ƙanƙara ku bar ta inda kuka gan ta. 'Yan'uwana masu gwanjo, abin da ba ku iya karantawa ba ku tambaya. Amma babban abin da na koya ba na taya ba ne. Mu mutane ne masu kara, kuma kara abu ne mai kyau, sai dai akwai inda ba ta da wuri. In masoyinka ya ba ka abin da zai cutar da kai, gaya masa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kai ne mai kyautar, ka rage murna har ka bar wa mutum ƙofar da zai ce a'a. Da ya faɗa mini, fushin kwana biyu zan yi in huce. Tayoyin nan huɗu da na gani a sito na roƙa ya ba ni, suna rumfata har yanzu, duk wanda ya taya sai in ce ba na sayarwa ba ne, in ba shi kujera in ba shi labarin.