Fallen da Baba Ya Ware

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanwata, "Ina yayanki?" ko da kuwa ina zaune a gabansa. Haka kunyar ɗan fari take a ƙauyenmu, can yamma da Bagudo, inda in ka ɗan taka zuwa tudu wayarka za ta yi maka maraba da shigowa Benin da Faransanci. Abin bai taɓa damuna ba, sai da na girma na ɗauki sana'ar da nake son in san ra'ayinsa a kanta.

Tarihi nake koyarwa a jami'a. Fannin da na shafe rayuwata a kai shi ne malaman Yahudawa da suka zauna a Fas da wasu garuruwan Magrib bayan an kore su daga Andalus, shekaru ɗari huɗu zuwa biyar da suka wuce. Ina bin yadda suke kwafar littattafai, da wa ya yi karatu a wurin wa, da tambayoyin da ake aiko musu daga nesa kan gado da fatauci da aure, su rubuta amsa su mayar. Wani rubutun da Ibrananci, wani kuma Larabci ne da baƙaƙensu, kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami. Na koyi harshen da kyar, har abokan aikina suna cewa da na sa wannan wahala a noman shinkafa da yanzu na sayi mota biyu.

A tarukan masana na ƙasashen waje ni ne baƙon da ake yi wa tambaya ɗaya kullum: me ya kawo ka wannan fanni? A gida kuma ba a tambaya, suna kawai aka raɗa mini. Mai shayin bakin tasha in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Malamin Yahudawa, a sa madara?" Da wasa yake yi, ni ma ina dariya. Amma a shekarun da rediyo ya cika da labarin yaƙi, wasan ya daina daɗi. Wani da muka yi firamare tare ya ja ni gefe a kasuwar Tsamiya ya ce in ana tambaya in ce tarihi nake koyarwa, in tsaya a nan. Na ce masa mutanen da nake karantawa sun rasu tun kafin a haifi kakan kakansa. Ya ce shi dai shawara ya ba ni. Daga ranar na rage zuwa majalisa, kuma ba wanda ya aiko a ji ko lafiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Shirun Baba ne ya tsaya mini a rai. Malami ne, kuma marubuci, ya kwafi littattafan fiƙihu da hannunsa sun fi a ƙirga, har daga Kamba da ƙetaren iyaka ana kawo masa aiki. Shekara ashirin bai ce mini madalla ba, bai ce mini kul ba. Na kasa gane ko kunyar da aka saba ce, ko kuwa fushi ne ya sami inda zai ɓuya. Ni kuma ɗan fari ba ya tsare ubansa da tambaya.

Shekarar da jami'a ta ba ni hutun rubutu, sai na tattaro na dawo gida da damina. Na zo da kwafin wani littafi da aka ɗauko mini hotonsa a wani ɗakin adana littattafai, falle ɗari da wani abu, babu lambar shafi ko ɗaya. Wani malami ne da ba a san sunansa ba ya kwafe shi a wani ƙaramin gari. Ina aiki a shagon da ke kusa da zauren Baba. Yana ganina ina shiga ina fita, bai taɓa leƙowa ba.

Wata la'asar na hau tudu neman sabis, na bar taga buɗe. Hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Kafin in sauko, takarduna sun cika tsakar gida, wasu a kan danga, wasu a garken awaki. Ƙanwata da matan gida suka tsince su suka zuba a babban kwando kamar ganyen rama. Na tsaya a kan kwandon ina huci, na yi faɗa da wanda bai yi mini laifi ba, alhali ni na bar tagar. Washegari akwai gaisuwar rasuwa a Zagga, sai na tura kwandon bayan ƙofa na tafi, na kwana biyu.

Da na dawo babu kwando. A kan teburina sai ga gafaka, irin jakar fatar da Baba yake ajiye littattafansa a ciki. Na buɗe, na ga takarduna tsakanin kwali biyu an ɗaure da tsirkiya, an jera su daga farko har ƙarshe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskure ba. Falle ɗaya ne kawai aka ware, aka ɗora a sama.

Ƙanwata ta ce Baba ne. Ya sa an kai masa kwandon zaure, ya sallami masu ɗaukar karatu, ya yi yini biyu a kai. Baba bai san baƙi ko ɗaya na Ibrananci ba. Amma marubutanmu ba sa ɗinke littafi, don haka a ƙasan kowane falle sukan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita, ko da littafi ya watse a iya mayar da shi. Marubutan Yahudawa ma haka suke yi. Na san wannan, na ma rubuta shi a takardar bincike. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne tsoho mai ciwon ido zai zauna yana gwada siffar kalma da siffar kalma, falle ɗari da wani abu, a harshen da bai sani ba. Wanda ya ware kuwa, mai ɗaukar hoton ne ya yanke ƙasansa, kuma samansa ya ci ruwa.

Bayan azahar na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon ƙofa. Ƙanwata ta kawo masa fura, sai ya tsayar da ita, don da ita zai yi maganar.

"Ki hwaɗa ma yayanki, guda ɗaya ban gane wurinta ba. Ban so in sa ta da ka."

Ta ce to. Sannan ya ci gaba.

"Mai rubutun ga hannunai na da kyau. Amma shi ɗai yay yi aikin ga. Ban ga wurin da anka gyara mai ba, ko guda. Mu in mun ƙare, sai a samu wani shi karanta, kai kana dubi. Wanga bai samu mai karanta mai ba." Ya kurɓi fura. "Allah Sarki. Aiki da kaɗaici akwai wuya."

A ƙarshen littafin, marubucin ya roƙi mai karatu gafara, ya ce abokan karatunsa duk sun bar garin, bai sami wanda za su yi bita tare ba. Na yi wata uku ina juya wannan magana ni kaɗai, ga Baba ya karanto ta a gefen takarda inda babu rubutu. Na so in ce masa haka ne, haka mutumin ya faɗa da kansa. Na so in ce, Baba, ni in karanta, kai ka duba. Amma abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Allah shi ƙara girma." Ya ce amin yana kallon ƙwaryar fura, na tashi na fita.

Na zauna wata huɗu bayan haka. Kullum ina cewa gobe zan ɗauki gafakar in shiga zaure, kullum in sami dalili. Yau yana da baƙi daga Lafagu, gobe idonsa na ciwo. Gaskiya dai tsoro nake ji kada in shiga ya juya ya nemi ƙanwata. Hutu ya ƙare na koma bakin aiki. Kafin damina ta zagayo aka kira ni a waya, na iso an riga an kai Baba makwancinsa.

Gafakar tana ofishina yanzu. Ɗalibai kan tambaya ko Alƙur'ani ne a ciki, in ce a'a, ba na ƙara komai. Bara aka aiko mini da sabon hoton wancan falle, wanda ba a yanke ba. Na duba kalmar da ke ƙasansa, cikin minti biyar na gane wurinsa, tsakanin na sittin da ɗaya da na sittin da biyu. Na ɗauki waya na kira ƙanwata da murna na ce na gane wurin takardar nan.

Ta ce, "Wace takarda?"

Na ce ba komai, na tambaye ta yara da ruwan bana. Da muka gama na ɗauki fallen na mayar da shi sama, inda Baba ya ajiye shi, na ɗaure tsirkiyar.