Awon Wuya

Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya muke, ƙugunmu ma ɗaya. Shi ya koya mini son jins irin na da, mai kauri kamar buhun shinkafa, mai maɓallan ƙarfe maimakon zik, wanda in ka naɗe ƙafarsa za ka ga jan zare a bakin ɗinkin. Lambar da ke jikin irin wannan wando ba abin yarda ba ce, don wanki ya riga ya ci rabonsa tun kafin dilar gwanjo ta iso Malanville. Saboda haka da wuya muke awo. Ka sa maɓalli, ka kama ƙugun wandon ka zagaya shi a wuyanka. In baki biyun suka haɗu a ƙeya, naka ne.

Da ya koma Garou noman albasa, sai na zama wuyansa. Duk ranar da aka fasa dila a layin 'yan gwanjo, in na ga mai kyau in auna a wuyana, in ba ɗan kabu-kabu ya kai masa. Bai taɓa dawo da ko ɗaya ba.

Wata shekara ya daina shigowa gari. In na kira, aiki ne. In na ce zan zo, in bari sai an kwana biyu. Na ji haushi ƙwarai, har na ce wa matata albasa ta kumbura masa kai. Ana haka wani wando ya faɗo hannuna, shuɗi mai duhu, ko gwiwarsa ba ta koɗe ba, irin wanda ya daɗe yana nema. Na auna, ya haɗu cif. Na ce wannan kam da hannuna zan kai, in kuma amayar masa da abin da ke raina.

Na same shi a zaure da hantsi cikin babbar riga, shi da ko ranar Juma'a sai an yi da gaske yake sa ta. Ya juya wandon, ya duba ɗinkin, ya yaba, ya ce zai gwada daga baya. Ni kuwa da taurin kai na ƙi. Na yi ta tsokanarsa, wai ko tumbi ya ajiye yake jin kunya.

Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito, hannunsa ɗaya na dunƙule da rarar ƙugun wandon. Ya saki don ya dafa bango, wandon ya fara sulalewa, ya yi sauri ya cafe. Sai a lokacin na dubi wuyansa da kyau. Ashe duk ya rame. Tsoro ya kama ni, ga kunyar maganar da na yi a kansa.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun damana. Lokotoro ya ce in tahi babban asibitin Parakou, ni ko ban son Inna ta jiya."

Ya nuna mini adaka. Uku na ƙarshe da na aiko suna ciki a ninke, ba a taɓa sa su ba. Ya ce awona bai taɓa kuskure ba, shi ne dai ya sake.

Washegari na kai shi Parakou. Mun makara.

Wandon yana wurina har yau. Daidai ni yake, shi ya sa na kasa sa shi.