Rijiyar da Kaka Ya Rufe

Ba na son warin ashana. Da an ƙyasta ta kusa da ni sai in ga kakana yana fitowa daga rami, jikinsa jawur da ƙasa, yana shinshina guntun dutse kamar mai duba nama ko ya lalace.

Mahaƙin rijiya ne, a ƙauyenmu can bayan Karakkai. Ni ban yi nisa a boko ba, kada ka tambaye ni sunayen duwatsu. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Wani rani tsohuwar rijiyar gari ta ƙafe. Mata suka koma tonon yashi a rafi, a sha tafiya a dawo da rabin tulu mai laka. Dattawa suka roƙi kaka ya haƙa sabuwa a gindin tudun da ke gonarmu. Ya ɗauki dagi ya fara. Mu yara da ƙasar da ake fitarwa muke wasa, shi ya sa ban manta ta ba. Ta farko ja ce kamar tsatsar tsohuwar garma, dutse ne amma ruɓaɓɓe, kana iya murje shi da hannu. Ƙarƙashinta farin yumɓu mai santsi kamar sabulu. Sai wani dutse kore-kore mai ɓarewa falle-falle. Daga nan aka fara fito da masu nauyi, ɗan ƙarami ya rinjayi hannunka, da ɗigo-ɗigo rawaya kamar an watsa gero, da baƙar jijiya mai ƙyalli irin kwallin da kakata ke dakawa.

A lokacin rami ya soma danshi. Mata har sun yi guɗa. Shi kuwa ya bugi dutsen da dagi, wari irin na ashana ya tashi, ya shinshina, ya lasa, ya tofar. Ya girgiza igiya aka jawo shi.

"A rufe," ya ce.

Mai unguwa ya ce, "Haba Malam, ruwa fa ka iske."

"Na iske. Dutsen ga ba shi da lafiya. Wuta ta dafa shi tun can ƙasa. Ruwan da ya kwana kansa ko akuya ba ta sha, balle ɗiyan mutane."

Aka yi roƙo, aka koma zagi. Shi kaɗai ya jera itace a bakin ramin, ya tara ƙaya, ya bi da ƙasa. Daga ranar babu wanda ya sake kiransa aiki. Aka ce tsufa ya sa masa tsoro. Inna ta ci gaba da zuwa rafi da tsohon ciki, in ta kai masa tuwo ta dire ta juya. Ban ga laifinta ba, wuyanta bai sake miƙewa ba har ta koma ga Allah. Shi kuma ya rasu yara na yi masa waƙar wanda ya ga ruwa ya gudu.

Sai zamanin zinariya ya zo. 'Ya'yan baffana suka ji cewa jan dutse mai tsatsa shi ake nema, shi ke nuna abin da ke ƙasa. Suka yaye ƙayar. Abin da tsoho ya guje wa, su da gudu suka faɗa cikinsa. Aka riƙa kawo dutse cikin gida ana dakawa a turmin hatsi, ƙura na sauka a kan fura. Wankin ƙasa a rafi, har ruwan ya koma launin tsatsa. Aka sayi babura, aka yi rufin kwano. Sai yara suka fara sanƙarewa a bayan uwayensu. Ma'aikatan asibiti suka ce gubar dalma ce, tana cikin baƙar jijiyar nan. Ni ban taɓa shiga ramin ba, amma ƙura ba ta tambayar ɗan wa. A daminar na binne ɗiyata ta fari. Bayan haka masu bindiga suka ji labarin ramin. Sauran ka sani.

Yau kurar ruwa nake turawa a Sabon Garin Gusau, jikan mahaƙin rijiya yana sayen ruwa ya sayar. Mutanenmu da suka watso Gusau, in mun haɗu a tasha sai ka ji, "Allah ya jiƙan tsoho, ai ya faɗa." Bakunan da suka zage shi ne.

Kwanan baya babban ɗan baffana ya same ni a bakin famfo, cikin sabuwar shadda. Ya ja gaisuwa, ya tambayi iyali, sannan ya matso ya rage murya.

"Ɗan'uwa, kai ka fi mu bin tsoho. An ce akwai wasu ramukan da ya fara ya bari. Ka tuna wuraren?"

Na tuna sarai. Har yau da mutane a kusa da su, yaransu na kiwon awaki a kai, ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba.

Na ce masa, "Ina yaro lokacin. Na manta."

Ya ce in yi tunani, akwai rabona a ciki. Na kama kurata na tura. Kai ma da kake karantawa, kada ka tambaye ni.